Darasi: Gubar Da Ke Ɓoye Cikin Ƙasa Da Ruwan Rijiya

MAKASUDIN DARASI

'Yan'uwa, muna so a ƙarshen wannan darasi kowane mai karatu ya san abu uku: yadda guba take shiga ƙasar tsakar gida da ruwan rijiya, yadda ake ganewa ko ta shiga, da yadda ake kawar da ita. A karanta shi a taron zumuntar mata da na matasa, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara suka ga agwaginsu suna mutuwa, ba su ɗauki abin da zafi ba. Bayan haka sai ƙananan yara suka soma amai da ciwon ciki da jijjiga, suna suma, suna mutuwa. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma mutuwar ba ta tsaya ba. A watan Maris na shekarar, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura da yawan mace-macen. Da aka aika da jinin yaran ƙasar waje aka auna, sai aka tarar gubar dalma ce.

Duwatsun da mutane suke haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gari, a farfasa, a niƙa a injin niƙa, waɗansu ma a daka a turmi, a shanya garin a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Ƙurar ta bi ƙasa da kwanonin abinci da hatsi. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta yi a ƙauyuka biyu a watan Mayu 2010 ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. An ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin duka sun kai 400. A shekarar 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Iyayen nan abinci suke nema wa iyalinsu, kamar yadda kowannenmu yake yi. Ba su san dutsen yana da guba ba, gama ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta kuwa sāke kamannin ƙasa. Yau haƙar ma'adinai ta bazu a jihohi da yawa, kuma 'ya'yanmu suna cikin masu zuwa ramukan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ME YA SA YARA SUKA FI CUTUWA?

Yaro ƙarami a ƙasa yake wuni, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin yaro yakan tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa, tana rage jini, tana taɓa ƙoda. Yaron da ya tsira yana iya tashi da makanta, ko shanyewar jiki, ko nauyin fahimta a makaranta, kuma ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Mace mai ciki kuma tana ba jaririn da ke cikinta gubar ta hanyar jini.

Ban da dutsen zinariya, akwai dalma cikin batirin mota da ake fasawa a narka, da kuma kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido.

MATAKI NA ƊAYA: BINCIKE

Binciken farko namu ne, ba ya bukatar kuɗi. A tara dattawa da mata da matasa, a zana taswirar ƙauye a ƙasa ko a allo. A nuna kowace rijiya da famfo da kududdufi. A nuna inda ake niƙa dutse, inda ake wanke shi, inda ake zubar da dusarsa, da inda aka taɓa yin haka ko da shekara goma baya, domin dalma ba ta ruɓewa. A nuna inda ruwan sama yake gangarawa daga waɗannan wurare. A tambayi mata gidajen da yara suka yi jijjiga ko suka mutu, da gidajen da kaji da agwagi suka ƙare.

Bincike na biyu na ma'aikata ne. Suna da wata na'ura ta hannu mai suna XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki cikin ɗan lokaci. Ma'aunin da aka bi a Zamfara shi ne kada dalma ta wuce miligiram 400 a kilo ɗaya na ƙasar wurin zama. A waɗansu wurare an tarar da fiye da miligiram 100,000, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce. Ruwa kuma akan ɗiba a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 a lita ɗaya, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ido ba zai taɓa ganin wannan ba, saboda haka ruwa garau yana iya zama da guba. Yara kuma jininsu ake aunawa. Taswirar da muka zana ita za mu kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar ruwan karkara ta jiha, tare da wasiƙa da sa hannun mai gari, mu roƙi a zo a auna.

MATAKI NA BIYU: TSABTACE ƘASA

Akwai maganin da yake fitar da dalma daga jini, amma likitoci a Zamfara sun ga cewa in an yi wa yaro magani ya koma gidan da ke da guba, jininsa yakan sake cika. Saboda haka suka kafa ka'ida: a tsabtace ƙauye tukuna, sa'an nan a ci gaba da magani. Wani kamfanin injiniyoyi na Amurka mai suna TerraGraphics ya jagoranci aikin tare da gwamnatin jiha da masarautu, mutanen ƙauyukan kuma su ne suka yi shi da hannunsu, da fartanya da shebur da buhuna. Ga yadda aka yi:

1. Aka fitar da duwatsu da injunan niƙa da dusar dutse daga cikin gari.
2. Aka kankare ƙasar sama ta tsakar gida da ɗakuna, zurfin kamar santimita 5, misalin faɗin yatsu uku.
3. Aka sake aunawa da na'ura. Inda gubar ba ta fita ba aka ƙara kankarewa.
4. Aka kwashe ƙasar cikin buhuna zuwa babban rami a bayan gari, aka binne ta aka rufe.
5. Aka kawo sabuwar ƙasa wadda aka auna aka tabbatar ba ta da guba, aka shimfiɗa.

An fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, aka bi da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wanda ya fi su girma, ya jira kuɗin gwamnatin tarayya har 2013, yaransa kuwa suna zaune cikin gubar duk tsawon wannan jira.

Gargaɗi: kada wani ya tashi ya kankare gidansa shi kaɗai ya zubar a bayan katanga ko a kududdufi. Ya kai wa maƙwabcinsa gubar ke nan, iska da ruwan sama kuma za su dawo masa da ita. Kafin ma'aikata su zo, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a shimfiɗa wa jarirai tabarma mai tsabta, a wanke hannun yara da sabulu kafin su ci abinci.

MATAKI NA UKU: RIJIYA

Masana daga Majalisar Ɗinkin Duniya sun auna ruwan ƙauyukan a ƙarshen 2010. Sun sami dalma fiye da iyaka a waɗansu rijiyoyi da kududdufai, amma sun ga alamar cewa ta bakin rijiya ta shiga, ta ƙura da laka, ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa bai gurɓace gaba ɗaya ba. Wannan labari ne mai daɗi, domin bakin rijiya muna iya gyara shi. A ɗaga shi da siminti, a yi daɓe kewaye da magudana, a sa murfi, a rataye guga da igiya kada su kwanta a ƙasa. Rijiyar da gwaji ya nuna tana da dalma a daina sha, a yashe lakarta a kai ramin binnewa, a kwashe ruwan, a sake aunawa. In har yanzu gubar tana nan, a rufe ta.

Mu riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa da sa sinadarin kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta masu kawo zawo da kwalara, amma ba sa cire dalma. Tafasawa ma ƙara mata ƙarfi take yi, gama ruwa yana ƙonewa ita kuwa tana nan.

MATAKI NA HUƊU: KADA TA DAWO

A waɗansu gidajen da aka tsabtace a Zamfara gubar ta dawo, domin an sake shigo da dutse. Hana haƙa gaba ɗaya yakan sa mutane su ɓoye aikin cikin ɗakuna, wanda ya fi muni. Abin da ya fi amfani shi ne gari ya keɓe wurin aiki nesa da gidaje da ruwan sha. A jiƙa dutse ana niƙa domin kada ƙura ta tashi. Mai aiki ya yi wanka ya sāke tufafi a can kafin ya dawo ya ɗauki ɗansa. Yara da masu ciki da masu goyo kada su je wurin. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa hatsi, buhun da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki masara.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Akwai wanda yake kawo dutsen ma'adinai ko tsohon batir cikin garinmu? Ina ake ajiye su?
2. Rijiyoyi nawa muke da su, nawa ne suke da murfi da daɓe?
3. In ɗan'uwa ya ce da wannan aiki yake ciyar da iyalinsa, yaya za mu yi masa magana har ya yarda ya fitar da aikin bayan gari?

AIKIN WANNAN WATA

A zaɓi mutum biyar, aƙalla biyu mata, su zana taswirar ƙauye su kai wa mai gari. A gayyaci dukan maƙwabta ba tare da bambanci ba, gama rijiya ɗaya muke sha. Yaron da aka ga yana jijjiga kuwa a kai shi asibiti nan da nan, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya idan ana aikin dutse a gidan.