Kun Rubuta Jagora, Me Ya Sa Har Yanzu Ake Ta Kiranku?

Masu cibiyoyin koyar da kwamfuta, da masu shagunan intanet, da ma'aikatan da aka ɗora wa rubuta bayanin yadda ake amfani da manhajar banki ko ta makaranta, kukansu kusan ɗaya ne. Sun zauna sun rubuta bayani da Hausa, sun yi bidiyo, sun watsa a WhatsApp, amma jama'a ba su fasa bugo waya suna tambayar abin da ke rubuce a shafi na biyu ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa mutanenmu ba sa karatu. Ni ban yarda da wannan ba. Wanda yake karanta saƙon alat na banki har kobon ƙarshe ai ya iya karatu. Yawanci matsalar tana ga yadda aka tsara bayanin, kuma tana da magani.

Ba a kanmu aka fara ba. A shekarun 1980, wani mai bincike a kamfanin IBM na Amurka, John Carroll, ya zauna yana kallon ma'aikatan ofis suna koyon buga takarda a kwamfuta. Ya ga ba sa bin littafin jagora daga farko zuwa ƙarshe. Suna tsallake gabatarwa, su faɗa wa aikin da ke gabansu, su yi kuskure, sannan su koma littafi neman mafita, su tarar babu. Sai ya rage kaurin littafin sosai, ya tsara shi bisa ayyukan da mutum zai yi, ya ƙara bayanin yadda ake fita daga kuskure. Masu koyo suka fi saurin kamawa. Ya tattara wannan a littafin da ya fitar a 1990, kuma har yau masu sana'ar rubuta jagora a kansa suke gini.

To, Malam, abin farko shi ne ka daina rubuta wa na'ura tarihi. Ba wanda ya buɗe takardarka don ya san shekarar da aka kafa manhajar ko amfanin fasahar zamani ga al'umma. Ya buɗe ne don ya manta lambarsa ta BVN kuma yana tsaye a gaban mai POS. Kanun bayanin ya zama tambayarsa: Yadda za ka ga BVN ɗinka. Ƙarƙashinsa a ce ya danna *565*0# da layin da ya yi rajista da shi, kuma ya tabbatar akwai ɗan kati a wayar, domin ana cirar kuɗi. Shi ke nan. Na NIN, wato *346#, ya samu nasa kanun daban. Aiki ɗaya, takarda ɗaya.

Game da jimloli kuwa, akwai darasi a wurin masu gyaran jiragen sama. Tun 1986 kamfanonin jiragen Turai suka fito da ƙa'idar rubuta littattafan gyara, saboda makanikai da yawa Turanci ba harshensu ba ne, kuma kuskuren fahimta a can rai yake ci. Ƙa'idar ta ce jimlar umarni kada ta wuce kalmomi 20, umarni ɗaya a jimla ɗaya, kuma kowace kalma ta tsaya a ma'ana guda. Wannan na ƙarshe shi ne inda marubutan Hausa suka fi zamewa, don an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne. A labari haka ne. A jagora kuwa, in ka ce lambar sirri a mataki na biyu, kada ka ce mabuɗi a mataki na biyar, don mai karatu zai ɗauka abu biyu ne. Haka nan rubutun da ke kan maɓalli: in da Turanci yake a fuskar waya, ka kawo shi yadda yake, ka faɗi launinsa da kusurwar da yake, domin idonsa abin da ke fuskar wayar zai nema.

Gargaɗi kuma ya zo kafin mataki, ba bayansa ba. Ɗalibin da zai nemi lambar rajistar JAMB yana tura NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da ya tura da shi ya ɗaure da sunansa ke nan. In ka ajiye wannan bayani a ƙasan shafi, yaro ya riga ya tura da layin yayansa ko na mai shago kafin idonsa ya kai wurin.

Amma abin da ya fi damuna, wanda kuma ba a cika magana a kansa ba, shi ne tsufan bayani. Misalin JAMB ɗin nan ya isa shaida. Kafin 2021, suna ɗalibi yake turawa zuwa 55019. Daga 2021 aka koma NIN. Wanda ya rubuta jagora a 2019 gaskiya ya rubuta, amma takardarsa tana nan tana yawo daga zaure zuwa zaure a WhatsApp, ba ranar rubutu, ba sunan wanda ya rubuta, duk shekara tana ɓatar da sabbin yara. Abin da ka tura ya fita hannunka, ba za ka iya janyo shi ba. Don haka jagora tana bukatar abin da kwalin magani yake da shi: ranar da aka yi ta da ranar da za a daina aiki da ita. Ka rubuta a saman shafi, ba a ƙasa ba: an duba wannan bayani a wata kaza, na rajistar shekara kaza ne. In saƙon murya ne, wannan ya zama jimlar farko da za ta fito daga bakinka, tunda murya ba ta gyaruwa bayan an tura.

Kuma ka ajiye uwar takarda guda ɗaya, wadda daga ita ake ciro komai: hoton da za a liƙa a bango, saƙon murya, bidiyon minti ɗaya. A sa mutum ɗaya ya zama mai ita. In hukuma ko banki sun canja tsari, uwar ake fara gyarawa, sannan a bi 'ya'yanta. Cibiyoyin da ba su yi haka ba, sai ka tarar takardar bango tana faɗin abu ɗaya, bidiyo yana faɗin wani, mai amsa waya kuma yana da nasa na uku.

Kafin ka watsa komai, ka gwada. Ba abokin aikinka za ka ba ba, shi ya riga ya sani. Ka nemo dattijuwa mai ƙaramar waya ko ɗalibin da bai taɓa yi ba, ka miƙa masa takardar, ka ja bakinka ka yi shiru. Shirun nan ne mai wuya, don hannunka zai yi ta son nuna masa. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai, ka sa alama, nan ne ɓarakar take. Sannan ka ajiye littafi kusa da wayar ofis, a riƙa rubuta kowace tambaya da aka bugo aka yi. Tambayar da ta maimaitu sau uku a mako, ita ce takardar da za ka rubuta ranar Litinin.