Darasin Tarihi: Yaƙin Haɗejiya na 1906

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, darasinmu na wannan mako bai yi mana nisa ba. Wanda ya hau mota a Gujungu ya nufi gabas, Haɗejiya zai sauka. A can aka yi karon ƙarshe tsakanin masu ƙin mulkin mallaka da sojojin Ingila a wannan yanki namu.

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Lokacin ƙasarmu ta Taura tana ƙarƙashin Kano, don haka faɗuwar Kano faɗuwarmu ce. Haɗejiya kuwa ba a ci ta da yaƙi ba. Sarki Muhammadu, wanda ke kan gado tun 1885, ya karɓi Turawa da baki, zuciyarsa ba ta karɓe su ba. Suka kafa bariki a wajen ganuwa, aka yi ta zaman doya da manja.

Abin da ya tunzura Turawa daga yamma ya taso. Ran 14 ga Fabrairu 1906, talakawan Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka far wa wata rundunar Turawa da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Ran 10 ga Maris aka komo musu da manyan makamai, aka shafe ƙauyen. Daga nan Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wani mai ɗaga kai ba, ya tura runduna daga Kano zuwa Haɗejiya ƙarƙashin Kanar Kol.

Ran 25 ga Afrilu 1906 aka gwabza. Turawa sun fara aika wa Sarki gargaɗi ya miƙa wuya, aka mari manzonsu. Mahayan Haɗejiya suka yi sukuwa da takubba da masu, bindiga mai ruwa ta tare su. Faɗa ya koma cikin gari, lungu-lungu, har ƙofar fada, wajen awa biyar ana yi. Sarki Muhammadu bai gudu ba. A nan aka kashe shi tare da 'ya'yansa uku da manyan jarumawansa. Bayan ƙura ta lafa, Turawa suka naɗa Haruna sarki.

Me za mu koya? Na farko, jarumta kaɗai ba ta isa ba. Tsakanin rushe Satiru da cin Haɗejiya mako bakwai ma bai cika ba, amma kowa shi kaɗai ya yi nasa yaƙin. Yawancin sojojin da ke harbin ma baƙaƙen fata ne, da Hausawa a cikinsu. Turawan hafsoshi ne 'yan ƙalilan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, mu lura da sunan da ake ba mutum a tarihi. A wurin Turawa, Sarki Muhammadu mai taurin kai ne da aka ladabtar. A bakin Haɗejiyawa kuwa, har yau sunansa Muhammadu Mai Shahada. Mutum ɗaya, rana ɗaya, suna biyu. Idan muka ci karo da kalmar “ɗan tawaye” a littafi, mu tambaya: wa ya rubuta, kuma wa aka yi wa tawayen?

Aikin gida: kowa ya tambayi kakansa ko wani dattijo a unguwarsu abin da ya ji game da zuwan Turawa ƙasar nan, ya rubuto mana. Za mu manna wanda ya fi ma'ana a wannan allo.