Darasin Gwamnati a Ajujuwan Ƙarshe na Sakandare: Misali daga Dukawuya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ake karanta siyasa a shekaru uku na ƙarshe na sakandare, watau darasin da ake kira Gwamnati. An ɗauki misali daga Dukawuya, unguwar da ƙofarta take tsakanin Ƙofar Famfo da Ƙofar Kabuga a badalar Kano.

Abin da Darasin ya Ƙunsa

Tsarin 6-3-3-4, wanda ya samo asali daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, shi ne ya raba sakandare gida biyu. A babban sashe ake ɗaukar wannan darasi, a rubuta shi a jarrabawar WAEC ko NECO. Da farko akan koyar da ma'anar ƙasa da iko da rabon aiki tsakanin majalisa da masu zartarwa da alƙalai. Daga nan sai tsarin sarautar Hausa da Fulani kafin zuwan Turawa, sannan kundayen tsarin mulki, tun daga na Clifford (1922) da Richards (1946) da Macpherson (1951) da Lyttelton (1954) har zuwa na 1979 da na 1999.

Inda Gizo ke Saƙar

Da Ingilishi ake koyar da duk wannan, da shi kuma ake jarrabawa. Saboda haka sau da yawa ɗalibi yakan haddace shekaru da sunaye kamar karatun aku, alhali abin da ake magana a kansa yana bakin ƙofar gidansu. Ta wannan sashe na yamma, wajen Ƙofar Kabuga, sojan Ingila suka shiga Kano a 1903. Mulkin da suka gudanar ta hannun sarakuna, wanda littafi ke ba shi babi guda, shi ne En'e da dattawa suke ba da labarinta. Matakan da ɗalibi ke zanawa a takarda, daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa sarki, har yau su ake bi wajen sasanta rikici.

Haka nan babin jam'iyyu. A Kano aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, kuma a nan Malam Aminu Kano ya mai da kalmar "talaka" ta zama tutar gwagwarmaya. Da PRP ta ci jihar a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A wannan shekara ce kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, bayan wahalar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha. Ɗalibar da ta ji wannan daga bakin kakarta ba ta bukatar haddar shekara.

Gudummawar Harshe

A nan ne masu nazarin Hausa suke da abin cewa. Hausa ta bambanta ƙarfi da iko: ɗan fashi yana da ƙarfi, alƙali kuwa iko gare shi, domin jama'a sun yarda da kujerarsa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasin gaba ɗaya. Ita kuma kalmar "siyasa", wadda aka aro daga Larabci, tana ɗauke da ma'anar lallami da iya tafiyar da mutane. In an ce wane ya iya siyasa, ba lallai ne ya taɓa tsayawa takara ba. Malamin da ya fara bayani daga nan, sannan ya kawo kalmar jarrabawa, ya gina ɗaki a kan harsashi.

Kammalawa

Yawancin ɗaliban aji na ƙarshe suna dab da cika shekara 18, watau shekarun jefa ƙuri'a. Wanda ya fita da hadda kawai, ɗan siyasa na iya saye shi da abin da bai taka kara ya karya ba, ko ya miƙa masa gora ya zama ɗan banga. Wanda ya gane cewa ikon kansila da na gwamna daga hannunsa ya fito, shi ne zai tambayi inda aka kai kuɗin magudanar unguwarsu. Don haka ya kamata sassan Hausa su himmatu wajen tsara ƙamus na kalmomin mulki, domin amfanin malaman sakandare da ɗalibansu.