Allurar wata-wata: a rubuta ta da cikakken sunanta

Mai taɓin hankalin da aka ɗora kan allurar wata-wata, in ɗan Bana ne, ta yankin Gaya a Nijar, da wuya ya same ta a hannu ɗaya. Likitan Yamai ko na Doso ke fara rubuta ta, wani ma a Kware ta Sakkwato aka fara duba shi. Ƴan uwa su sayo kwalbar a farmasin Gaya ko su leƙa Kamba, malamin asibitin ƙauye ya yi masa. Kuɗi iri biyu ke nan, sefa da naira, takardu kuma wasu da Faransanci wasu da Turanci. Abin da ke haɗa waɗannan hannuwa duka shi ne ƴar takardar da ke ninke a aljihun wansa ko ƙullin zanen uwarsa. In abin da ke kanta bai wuce "allura" da jimillar kuɗi ba, to lafiyar mutumin tana rataye ne a kan tunawa, tunawa kuwa tana cin amana.

Ɗauki haloperidol. Akwai mai miligiram 5, fara kamar ruwa, wadda ake yi wa wanda ciwo ya tayar masa, ƙarfinta ba ya daɗewa. Akwai mai miligiram 50 a mililita ɗaya, narke cikin man riɗi, da ake yi can cikin tsoka, ba a jijiya ba har abada, tana tsatsowa sannu a hankali har mako huɗu. Kalma ɗaya ce ta raba su a jikin kwalba: decanoate. In aka sayo ta farko a madadin ta biyu, iyali su yi murnar arha, kafin wata ya raba ciwo ya dawo, a ce maganin asibiti ya ƙi, a koma ga turare da mari. In kuma aka maimaita ta biyu kafin lokacinta don ba wanda ya rubuta rana, sai wuya ya sandare, hannu ya kama rawa, yawu na zuba.

A Amurka kamfanonin inshora ba sa biya sai da lamba: J1630 ta gajeriyar, J1631 ta mai daɗewa, J2680 ta fluphenazine decanoate, wata allurar mai daɗewa ita ma, yin allurar kansa kuma 96372. Waɗannan lambobi ba sa aiki a Nijar, ba kuma a ce a kwaso su ba. Hikimarsu ce abin ɗauka. Idan kamfani mai biliyoyi ya ƙi sakin kuɗinsa sai ya san abin da ya saya, wanda ya sayar da buhun shinkafa ko akuya ya fi shi cancantar sani. Don haka a nemi malamin asibiti ya rubuta lambar ciwon, cikakken sunan maganin da miligiram ɗinsa, ranar da aka yi da ranar dawowa, sannan kuɗin kwalba daban, kuɗin aiki daban. Rabewar nan tana da amfani, domin tun Satumban 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin ayyukan jinya a asibitocinta da rabi, kuma dunƙulallen rasiɗi ba ya nuna ko ragin ya iso ga mai shi.

Wasu za su ce rubuta ciwon tonon asiri ne, musamman ga budurwa ko saurayi mai neman aure. Tsoron na da tushe. Amma lamba ita ce ma suturar: F20, a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, likitan Gaya da na Kware duk sun san ma'anarta, maƙwabci kuwa bai sani ba. Wasu kuma su ce malamin shi kaɗai ne, ga layin mata da yara har bakin ƙofa. Gaskiya ne, sai dai layi biyar na rubutu bai kai wahalar ranar da za a kawo masa mutumin ɗaure da igiya ba. Rashin karatun iyali ma ba hujja ba ce, tunda ma'aikacin gaba ake rubuta wa.

Iyalai, ku riƙa adana kwalin maganin tare da takardar, ku tafi da su duk inda za a yi allurar. Kada ku bari a tsira ta sai an gwada sunan da ke jikin kwalba da wanda ke kan takarda.