YADDA AKE GYARA MURYAR AMFILIFAYAR MOTA

A dogon hutun da ya wuce, mahaifina ya ce ba zan zauna gida ina barci ba, sai ya tura ni shagon kawuna, wanda ke gyaran rediyo da kayan sauti na mota a bakin tasha. Mako shida na yi a can. Abin da na koya game da amfilifaya, watau akwatin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu ganin darasin kimiyya ba shi da amfani sai a ɗakin jarrabawa.

Ran nan wani direba mai jigila tsakanin Kano da Katsina ya kawo tasa. Ya ce, "Malam, da can in na kunna, har ƙirjina nake jin ganga. Yanzu kuwa sai gurnani da shaƙewa kamar mai mura. Sabuwa kuma ta fi ƙarfina." Kawu ya kwance murfin, ya duba, ya ce a ba shi kwana biyu. Wannan akwati shi ya zama allon karatuna.

Abin da ke ciki

Da farko sai mu san matsalar da amfilifaya ta zo warwarewa. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, in inji na aiki ya kai wajen 14. Yawancin lasifikokin mota kuwa om 4 ne. A aji an koya mana dokar Ohm, wadda Georg Ohm na ƙasar Jamus ya bayyana a 1827. Daga cikinta muke samun cewa in ka ninka bolt da kansa, ka raba da om, ka sami wat. Don haka mai son wat 100 a lasifika mai om 4, sai ya sami bolt 20, gama 20 sau 20, a raba 4, ɗari ke nan. Da yake sauti hawa da sauka yake yi, ƙololuwarsa takan kai bolt 28. Batir ba shi da wannan. Shi ya sa rediyon mota ita kaɗai da ƙyar take ba kowace lasifika wat 20 mai tsabta.

Saboda haka cikin amfilifaya kashi uku ne. Kashi na farko shi ne mai ɗaga wuta. Akwai waɗansu tiransistoci da ake kira MOSFET, masu kunna wutar batir da kashe ta sau dubbai cikin daƙiƙa guda, suna tura ta cikin wata tiransifoma mai kama da gammo. Ita ce ke ɗaga wutar zuwa bolt 30 ko fiye, sa'an nan a tara ta cikin manyan kafasitoci. Kashi na biyu shi ne mai karɓar ɗan siririn sautin da ke fitowa daga rediyo, ya tace shi. Ƙananan na'urori baƙaƙe masu ƙafa takwas ke wannan aiki. Kashi na uku su ne manyan tiransistocin da ke manne da jikin akwatin, masu tura lasifika gaba da baya.

Kafasita, randar wuta

Kawu ya ce in ɗauki kafasita kamar randa. Famfo yana zuba ruwa a hankali, amma in baƙi sun zo da yawa, daga randa ake kamfata. Haka in an buga ganga, lasifika takan nemi wuta mai yawa nan take, kafasita ce ke ba ta. In randar ta tsage, ganga sai ta fito a shaƙe, gurnanin wutar kuma ya shiga cikin kiɗan.

Cikin irin wannan kafasita akwai takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan magani, a naɗe tsakanin fallayen alminiyam. Zafi yana busar da ruwan sannu a hankali. Masu ƙera ta suna da ƙa'ida, cewa duk sa'ad da zafi ya ragu da digiri 10, kwananta yakan ninka biyu. A jikin kowace an rubuta 85 ko 105, watau iyakar zafin da aka auna ta a kai. Mu ɗauki guda biyu, kowace an yi mata alkawarin awa 2,000 a iyakarta, mu sa su aiki a digiri 65. Mai 85 za ta yi awa 8,000, mai 105 kuwa awa 32,000. Ninki huɗu ke nan. To, ku tuna yadda but ɗin mota yake a watan Afrilu, lokacin da ko a inuwa zafi kan wuce digiri 40 a ƙasarmu. Na direban nan duka masu 85 ne, biyu har sun kumbura a ka.

Ga dokokin sauya ta kamar yadda aka koya mini:

1. A cire waya daga batir, a sauke wutar da ta rage cikin kafasita da ƙwan fitilar mota, gama takan riƙe wuta bayan an kashe.
2. Bolt ɗin sabuwa ya zama daidai da na tsohuwa ko ya fi, kada ya gaza.
3. Girmanta, wanda ake aunawa da maikurofarad, ya zama daidai ko ya ɗara kaɗan. In ya yi yawa ainun, wutar da za ta zuƙa lokacin kunnawa tana iya lalata abin da ke gabanta.
4. A lura da ƙafafu. Zanen da ke gefen gwangwanin yana nuna ƙafar ɗebewa, ɗayar ita ce ta tarawa.

Kuskuren da na yi

Doka ta huɗu da kuɗin kawuna na koye ta. Ya ba ni kafasita shida in liƙa, ya tafi sallar Azahar. Al'adarsa ita ce in an gama aiki, sai ya sa ƙwan fitila tsakanin batir da amfilifaya kafin ya kunna. In akwai kuskure, ƙwan zai haska ƙwarai ya tare wutar, kome ba zai ƙone ba. Ni kuwa ɗoki ya kama ni, ina so ya dawo ya tarar da kiɗa na tashi. Na haɗa waya kai tsaye. Ba a yi minti guda ba sai na ji tau! Farin hayaƙi ya turnuƙe shago, takarda ta watsu a kan tebur. Ashe guda ɗaya na juya ta baibai. Allah ya kiyaye fuskata ba ta kusa.

Da Kawu ya dawo bai daka mini tsawa ba. Ya auna, ya tarar MOSFET biyu sun ƙone. Ya ce, "Ɗana, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Wannan akwati amana ce, ba tamu ba ce." Dole ya sauya dukan jerin daga aljihunsa, gama ba a haɗa tsoho da sabo a wurin da suke raba kaya ɗaya. Washegari da direban ya zo, Kawu ya gaya masa gaskiya, ya roƙi ƙarin kwana guda. Kunyar da na ji a ran nan ta fi mini bulala zafi.

Sauran abubuwan da ake sauyawa

Bayan manyan kafasitoci, akwai ƙanana a kan hanyar da sauti ke bi. In wuri ya isa, akan sa irin waɗanda ba su da ruwa a ciki, gama ba su bushewa.

Sai na'urorin nan masu ƙafa takwas. Yawancin amfilifayoyi masu araha suna zuwa da mai lamba 4558. Akan cire ta a sa NE5532, wadda ba ta da yawan shuu ɗin nan da ake ji in an yi shiru. Ƙafafunsu iri ɗaya ne, amma sabuwar ta fi cin wuta, saboda haka sai an tabbata abin da ke ciyar da ita zai iya. Akan kuma liƙa 'yar kafasita mai maikurofarad 0.1 kusa da ƙafafunta na wuta, don kada ta riƙa wani kuka siriri wanda kunne ba ya ji, amma yana sa tiransistoci zafi.

Akwai kuma aiki biyu da kusan ba su cin ko kwabo, alhali sau da yawa sun fi sauran amfani. Na ɗaya, a bi duk inda aka liƙa da dalma a sake narka wanda ya tsage, domin gargadar hanya tana tsattsaga liƙi. Na biyu, a goge busasshen farin man da ke tsakanin tiransistoci da jikin akwati a shafa sabo, don zafi ya sami hanyar fita. Amma kada a manta da ɗan fallen da ke hana tiransista taɓa ƙarfen. Wayar da ke zuwa jikin mota kuma ta zama gajeriya mai kauri, a kankare fenti kafin a ɗaure ta.

Abin da gyara ba ya yi

Kada wani ya ruɗe ku cewa sauya waɗannan kaya zai ƙara wat. A jikin akwatin direban an rubuta wat 2,000, amma fiyus ɗinsa amfiya 30 ne. In ka ninka 30 da bolt 14, wat 420 ke nan, shi ne iyakar abin da zai iya shiga. Irin wannan amfilifaya kuma wajen kashi 40 cikin 100 na abin da ta ci zafi yake zama. Ashe abin da ke isa lasifika bai fi wat 250 ba.

Kunne ma yana da ruɗi. Kawu ya sauya mai ƙafa takwas a gefe guda, ya bar ɗayan, ya kira maƙwabtansa uku su saurara ba tare da ya gaya musu wanne ne wanne ba. Da kiɗa na tashi, ba wanda ya iya rarrabewa. Sai da aka tsayar da kiɗan, aka kara kunne a lasifika, sa'an nan aka ji gefe guda ya fi shiru. Amma bambancin da sababbin kafasitoci suka kawo, har mai shayin da ke waje ya ji shi. Daga nan na gane a fara da abin da ya lalace, kafin a taɓa abin da ke da lafiya. A kuma yi hankali da kayan jabu a kasuwa, gama araha ba ta ado.

Rana ta uku direban ya zo, aka ɗaura masa, ya kunna. Ya yi shiru yana saurare, can sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, muryarta ta dawo. Allah ya saka da alheri." Kawu ya nuna ni ya ce, "Yaron nan ne ya liƙa, karo na biyu."

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, wanda ke sha'awar wannan aiki ya fara da matacciyar rediyo, a gaban wanda ya iya, ya kuma riƙe lissafinsa na aji da kyau, gama a shago na tarar da shi yana jirana. Ƙwan fitilar nan kuwa, Kawu ya ba ni shi kyauta, yana cikin akwatina a ɗakin kwana har yanzu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibin Aji Biyar, Sashen Kimiyya