Amsoshin Tambayoyinku: Ƙa'idojin Gasar Muhawarar Ɗalibai

Wani malamin sakandare daga Augie a jihar Kebbi yana tambaya: yaya ake tsara gasar muhawara? Ɗalibansa ne za su kara da takwarorinsu a Argungu.

To malam, sannu da ƙoƙari. A tsarin gasar makarantu ta duniya, wadda aka fara a Ostiraliya a 1988, ɓangarori biyu ne, masu goyon baya da masu suka, kowanne da ɗalibai uku. Ana karɓa-karɓa, kowa minti 8. Daga nan kowane ɓangare ya naɗe tabarma cikin minti 4, banda sabuwar hujja.

Bayan minti na farko, abokin hamayya na iya miƙewa ya nemi jefa tambaya. Mai magana ya ba shi dama ko ya ce ya zauna. A minti na ƙarshe ba a katse kowa. Alƙalai kan ba hujja maki 40, salon magana 40, dabara 20.

Ku gwada su da batun gida, malam: noman shinkafa a fadama da kamun kifi, wanne ya fi riƙe iyali? Ku ba ɗalibi guda agogo da ƙararrawa, da ta kaɗa mai magana ya sauka. Allah Ya ba da sa'a.