Abin da Ke Hana Ƙaramin Babur Mai Ƙafa Huɗu Tashi da Sanyi

Babur mai ƙafa huɗu, wanda manoma da makiyaya a Ingila da Amurka da Ostareliya ke zagaya gona da garke a kansa, bai daɗe a duniya ba. Kamfanin Honda ne ya fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki ya biyo da mai huɗu a 1982, a 1988 kuma aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan kifewa da suke yi. Ƙananan da ake ƙerawa yanzu a ƙasar Sin, masu cc 110, galibi injinsu irin na babur roba-roba ne da kowa ya sani a Kano da Maraɗi. Shi ya sa ciwonsu ɗaya: da rana bugu ɗaya su tashi, da asubar hunturu kuwa sai gardama.

Ya kamata mai abin hawa ya san cewa sanyi ba ya lalata inji. Abin da yake yi shi ne tona asirin ɓarnar da zafi ke rufewa. Inji ba ya ƙona fetur yana ruwa, tururinsa yake ƙonawa gauraye da iska, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. In ƙarfe ya yi sanyi, man yakan ƙi zama tururi ya lafe a jikin bututu, abin da ke isa wurin fulogi bai kai ya kama ba. Amfanin cok ke nan, ya ƙara mai har inji ya ɗumama. Sai a ja shi gaba ɗaya, a ƙyale totur. Masu danna totur suna bugawa, iska suke ƙarawa a lokacin da mai ake nema. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 5, a huta kamar daƙiƙa 10 kafin a sake. In warin fetur ya tashi kuma fulogi ya jiƙe, mai ya yi yawa: a mayar da cok, a buɗe totur duka, a buga.

Kafin a ɗauki sufana, a duba abubuwan da ke sa babba jin kunya: maɓallin kashe inji, da famfon mai, da birki. Yawancin ƙananan nan sitatarsu ba ta amsawa sai an matse birki, na yara kuma suna da igiya a baya wadda in ta zare wuta ba ta zuwa.

Sai batir. Cikakke yana nuna bolt 12.6 a ma'auni, kuma in sanyi ya kai na daskarar ruwa yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Fitila ta kama ba shaida ba ce. A auna lokacin da ake bugawa. In ya faɗo ƙasa da 10, to ya gaji. Baƙin mai ma yana da hannu, domin mai kauri irin 20W-50 ya fi 10W-40 riƙe inji da safe. Fulogi kuwa a kwance shi a gani: kai mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙi mai kunkunniya alamar mai ya yi yawa ce, sau da yawa don ƙura ta toshe matatar iska. Tazarar bakinsa a irin wannan inji milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Amma babban mai laifi yana cikin kafireto. A can ƙasa akwai wani ɗan jet na tagulla wanda shi ke ba da mai lokacin tashi da lokacin da inji ke aiki a tsaye, raminsa da ƙyar ya fi kaurin gashin wutsiyar doki. Shi kuwa babur mai ƙafa huɗu ba kullum ake hawansa ba, yakan yi wata biyu ko uku a rumfa. A wannan zaman sai sashen fetur mai saurin kamawa ya tsere, ragowar ya zama danƙo ya liƙe ramin. Alamar ba ta ɓuya: inji ya tashi da cok, ana mayar da cok ya mutu. Gyaran shi ne a kwance kwanon ƙasan kafireto, a fitar da jet ɗin, a wanke, a hura, sannan a ɗaga shi wajen haske. Sai an hango rana zagaye ta cikin ramin aikin ya yi. Kanikawan da ke cusa allura suna faɗaɗa ramin ne, daga ranar babur ya koma shan mai. Wanda zai ajiye nasa ya daɗe, ya rufe famfo ya bar inji ya shanye abin da ke cikin kwanon.

In an yi duk wannan gardama ba ta ƙare ba, a nufi bawul, wanda mutane kan manta da shi har su sayi sabon kafireto a banza. Yau da gobe bawul yana nutsewa a mazauninsa, 'yar tazarar da ke samansa ta ƙare, ya daina rufewa ruf, matsin da fistin ke tarawa ya riƙa sulalewa. Ana aunawa ne inji na sanyi, fistin yana can sama, kuma tazarar irin wannan inji wajen milimita 0.05 ce, sai dai a bi abin da littafin babur ya ce. Aikin rabin awa ne ga bakaniken da ke da abin awo.

Dabaru biyu da ake gani a hunturu, a guje su. Kada a kara garwashi ko wutar takarda a ƙarƙashin inji, domin bututun mai da kafireto suna nan kusa. Kada kuma a ɗumama babur a cikin rufaffen shago ko zaure: hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, inji mai cok a ja kuwa ya fi fitar da ita. A turo shi fili, a ba shi minti biyu ko uku, a riƙa mayar da cok kaɗan-kaɗan har sautin inji ya daidaita.